Akushin Malam Ƙasimu

Malam Halliru bai taɓa ɗaga hannu ya doki kowa ba. Shekarunsa arba'in da bakwai, sha tara daga ciki ya yi su ne a ofishin ajiyar takardun ɗalibai na jami'a a Wudil, inda babban tashin hankalin da aka sani shi ne fayil ya ɓata ko fanka ta tsaya. Amma a cikin ransa, Allah kaɗai ya san adadin mutanen da ya sharara wa mari. Ya mari direban bas. Ya mari ladan. Ya mari surukinsa har sau biyu a walima guda, yana yi yana murmushi yana cewa Allah ya sanya alheri. Laifinsu duka ɗaya ne: sun ci abu a kusa da shi.

Ba hayaniya ce ke damunsa ba. Gidansa na Sabon Gari katanga ɗaya ce tsakaninsa da injin niƙa, kuma tirelolin da ke gangarowa daga gada suna danna oda ba su taɓa hana shi ƙailula ba. Ƙaramin sauti ne abokin gabarsa: tauna, tanɗar baki, zuƙar shayi mai zafi, lasar yatsa. Da ya ji, sai wani abu ya taso masa daga ƙasan cibiya, kunnuwansa su ɗauki zafi, hannunsa ya dunƙule da kansa ba tare da neman izini ba. Tun yana makarantar kwana abin yake, suka girma tare kamar ƙanin da ba a so amma ba dama a kore shi.

Ya nemi magani, kada a ce bai nema ba. Likitan kunne a Kano ya leƙa da 'yar fitila, ya ce kunnen nan ya fi nasa lafiya, ya sallame shi. An kai shi wurin wani malami ya yi masa ruƙiyya awa biyu cur, aljani bai ce uffan ba. Da aka shafa, malamin ya ɓare goro ya jefa a baki don ya warware gajiya. Nan take Halliru ya gane cewa ko wane ne a jikinsa yana nan daram, ko gyara zama bai yi ba.

Daga nan ya haƙura, ya riƙa kewaye wa abin. A gida shi kaɗai yake cin abinci a ɗaki, fanka a lamba uku ko da sanyi ake yi. Matarsa Rahinatu da yara su ci nasu a tsakar gida, a hankali, kamar masu cin na sata. Mazan layinsu suna ciyayya da yamma, kowa ya fito da kwanonsa a haɗa a kan tabarma. Halliru yakan aika da nasa kwanon, shi kuma ya ce olsa. Olsar nan ta yi masa hidimar shekara goma sha biyu, ba ta taɓa neman hutu ba.

Duk wannan ana iya zama da shi. Abin da ya gagara shi ne Achika.

Mahaifinsa, Malam Ƙasimu, manomi ne a can, ya haura tamanin. Tun Halliru yana yaro, duk Juma'ar da yake gida bayan an sauko daga masallaci tare suke cin tuwo a wani baƙin akushi da ya girme shi. Ko da ya kama aiki ya koma Wudil bai fasa ba. Ya hau babur ɗinsa ya tafi, su yi salla, su zauna a gindin darbejiyar tsakar gida. Cin akushi ɗaya da uba kuwa yana da dokoki, ba a rubuce suke ba amma babu wanda bai haddace su ba. Ƙarami ya dafa gefen akushi da hagu. Ba ya taɓa nama sai an tura masa. Babbar dokar ita ce ba ya tsame hannu kafin babba, balle ya miƙe. Babba ne ke fara cire hannu, ya lashe yatsunsa, ya bar wa na ƙasa saura.

Abin mamaki, taunar Baba ba ta taɓa damunsa ba. Shi kaɗai ne a duniya ya samu wannan afuwa. Sai bara waccan, 'yan watanni bayan rasuwar Inna, mahaifiyar Halliru. Ranar tuwon dawa ne da miyar kuɓewa. Baba ya yanko loma, ya dulmiya ta a miya, ya kai baki, ya zuƙe yauƙin da ya biyo yatsunsa. Haƙoransa sun ƙare sai 'yan tsiraru, dasashi ne ke aikin, dasashi kuwa ba ya aiki shiru. Halliru ya ji abin ya taso. Ya daure loma ɗaya, biyu, huɗu. A ta biyar ya ga hagunsa ta saki akushi ta dunƙule, ya kuma gane wanda take nufi. Sai ya tsame hannu, ya miƙe, ya fita da miya a yatsu, ya tsaya a bayan rumbu yana haki kamar wanda kare ya biyo.

Baba bai ce komai ba, da ma ba mai yawan magana ba ne. Amma Juma'ar da ta zagayo Halliru ya tarar an shimfiɗa masa tabarma a zaure, inda ake sauke baƙi. An ajiye masa tuwo a farantin tangaran mai fure, da sabon cokali ko takardar jikinsa ba a ɓanɓare ba. Baba ya ci nasa a cikin gida. Haka aka yi wannan makon, haka aka yi mai bi masa, har aka yi damina biyu. Su gaisa, su taɓa zancen taki da ruwan sama, Halliru ya yi sallama ya hau babur. Abin kunyar shi ne, a zauren nan lafiya lau yake cinye abincinsa.

Rahinatu ce ta kawo ƙarshen wannan zaman lafiyar. Ta je suna Achika, ta dawo da yamma, ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya masa a bakin ƙofa.

"Abban Ummi, Hansai ta ba ni saƙo."

Hansai matar ƙaninsa Yahuza ce, ita ke yi wa Baba girki tun rasuwar Inna.

"Ina jin ki."

"Ta ce ran Juma'a yadda ta kai akushin Baba haka take ɗauko shi. Loma biyu, uku. Sauran ranaku yana ɗan taɓawa, amma Juma'a kam sai dai kaji su gode."

"Tsufa ne."

"Tsufa ne ya sa yake aikawa a sayo masa sabulu mai ƙamshi daga Wudil? Mutumin da tun da na san shi bai wuce sabulun salo ba? Ta ce kafin salla sai ya zauna ya dirje hannayen nan da soso har su yi ja, ya yanke farce da reza. Sannan a kai maka naka zaure, shi ya zauna yana kallon tafinsa."

Halliru ya ɗaga kai ya kalli fanka. Fanka ba ta da abin cewa.

"Ya ɗauka ƙyamarsa kake yi," in ji Rahinatu. "Ni na saba. Shekara ashirin ina cin ƙuli-ƙuli a ɗakin girki kamar ɓarauniya, ban mutu ba. Shi tsoho ne, ba shi da shekara ashirin ɗin da zai saba." Ta ajiye masa wata 'yar takarda a gwiwa. "Wata ƙawata nas ce ta ba ni lambar nan. Likitar halayyar ɗan Adam ce a Kano. Ta ce abin nan naka har suna gare shi."

"Likitar mahaukata dai."

"In ka je ka tambaye ta."

Ran Talata ya nemi izini a ofis ya shiga bas. Allah da ikonsa, wanda ke bayansa ya sayi rake a bakin gada, bai gama da shi ba sai Mariri. Halliru ya isa asibitin da alamomin ciwonsa a cike, ba sai an nema ba.

Dokta Bilkisu ba ta fi sa'ar ƙanwarsa ta uku ba. Akwai robar ruwa a kan teburinta, amma har ya gama ba da labari ba ta buɗe ba, ya lura, ya kuma gode mata a zuci.

"Sunansa misofoniya," ta ce.

Ya maimaita. Ya ji kamar sunan maganin da ake fesa wa wake.

"Ba kunnenka ba ne, Malam Halliru, ba kuma hauka ba ce. Ƙwaƙwalwarka ce ta ɗauki wasu sautuka a matsayin haɗari. Kamar mai gadin da ke busa usur ko ɓera ne ya gifta. Jikinka yana shirya faɗa kafin hankalinka ya iso wurin."

"To a sallami mai gadin mana."

"Ba a sallamarsa. Ba ni da ƙwayar da zan ba ka, kuma ba zan ce maka zai tafi gaba ɗaya ba. Wasu suna samun sauƙi sosai, wasu kaɗan. Abin da za mu yi shi ne mu koya masa rage garaje. Faɗa min abu ɗaya da kake so ka iya yi, wanda yanzu ba ka iyawa."

A hanya ya shirya amsoshi masu mutunci, irin su zama a taron ofis in an kawo lemo da cincin. Bakinsa bai bi shiri ba.

"In ci tuwo da babana har ya tsame hannu."

Ta rubuta, ba ta tambaye shi dalili ba.

Daga nan Talata ta zama ta Kano. Aikin farko da ta ba shi littafi ne: duk lokacin da abin ya taso ya rubuta sautin, ya ba shi lamba daga ɗaya zuwa goma, ya kuma rubuta abin da ya faɗo masa a rai. Wannan ya yi masa daɗi, mutumin fayil ne, har da rula ya ja layuka. Shafin farko kusan duk sunan mutum ɗaya ne, Garzali, abokin zamansa na ofis, wanda ba ya rabo da goro.

Dokta ta karanta a fili. "Garzali, goro, takwas, da gangan yake yi." Ta ɗago. "Ya san yana damunka?"

"A'a."

"Ka taɓa gaya masa?"

"Shekara tara muna ofis ɗaya, ya kamata ya gane."

"To in bai sani ba, da gangan ɗin yake yi wa wa?"

Halliru ya karɓi littafinsa ya rufe. Bai ji daɗin yadda yarinyar nan ta rushe masa hujjar shekara tara da tambaya uku ba.

Ta koya masa numfashi: ya ja yana ƙirga huɗu, ya sake yana ƙirga shida, ya sauke kafaɗa, ya buɗe hannun da ya dunƙule. Ta koya masa juya hankali kamar yadda ake juya tocila, daga bakin mai ci zuwa saƙar tabarma, zuwa ɗanɗanon daddawa a nasa harshen. A mako na uku ta ce ya ɗauko sautin tauna a wayarsa, ya riƙa kunnawa ƙasa-ƙasa, shi ke riƙe da maɓallin kashewa, ya kuma nemo wa sautin wani hoto daban, wani abu da yake so mai irin wannan ƙarar.

Ba yadda zai yi, dole ya gaya wa Garzali. Ya zaci mutumin zai ji haushi. Garzali ya ajiye biro ya dube shi tsawon lokaci.

"Wato shi ya sa kake fita duk na ɓare goro?"

"Shi ne."

"Kai, Malam Halliru, Allah ya shirye ka. Ni na ɗauka warin baki nake yi. Asuwaki biyu nake ƙararwa a mako saboda kai." Ya jawo wayar gabansa, ya gyara hula kamar mai shirin shiga gidan rediyo. "Kawo nan. Goro kaɗai, ko in haɗa maka da aya?"

Haka magidanci mai 'ya'ya biyar ya koma zama a kan babur ɗinsa bayan la'asar, a gindin wata bishiya a bayan ofis, yana sauraron Garzali yana tauna, yana ƙoƙarin ganin ƙafafunsa na yarinta suna caɓa laka a fadama lokacin dashen shinkafa. Wani lokaci lakar ta zo, takwas ta sauko shida. Wani lokaci Garzali ne kawai, da jajayen haƙoransa, tara cif. Ya gaji. Ya gaji da bas, ya gaji da ƙirga numfashin da shekara arba'in da bakwai yana yin sa ba tare da ƙirge ba, ya gaji da rubuta sunayen bayin Allah a littafi. Sau biyu ya yi niyyar dainawa. Sau biyun, in Juma'a ta zo ya zauna a zaure, sai ƙamshin sabulu ya biyo iska daga cikin gida.

A mako na biyar Dokta ta tambaye shi abin da ya canja bara waccan. Ya ce babu, sai rasuwar Inna.

"A da, in kuna ci, me kake ji a gidan? Rufe ido ka saurara."

Ya rufe don kada ta ce ya ƙi. Ga darbejiya, ga akushi, ga kaji. Sai ya ji turmi. Inna fura take yi ta sayarwa, kuma ran Juma'a da an sauko daga masallaci take hawa daka, don masu dawowa daga kasuwa su tarar da ita. Duk tuwon da ya taɓa ci da Baba, a ƙarƙashin lugudenta ya ci shi. Yanzu Hansai inji take kai gero. Ashe ba afuwa Baba ya samu ba, Inna ce ta rufa musu asiri da taɓarya shekara da shekaru, ita ma ba ta sani ba.

Dokta ta tura masa kwalin takardar share fuska. Ya ce fankar ofishinta tana da ƙura.

A mako na bakwai ta ce lokaci ya yi da zai gwada.

"Amma ka ji wannan da kyau. Kada ka zauna kana cije haƙora har ka fashe. Wannan ba jarunta ba ce, ƙara wa mai gadi hujja ne. In ya kai bakwai ka tashi da kanka, ka sha iska minti biyu, ka dawo. Sanin cewa kana da ƙofar fita shi ke rage rabin abin."

"Dokta, ke 'yar ina ce?"

"Nan cikin gari."

"A gidanku kowa da farantinsa ko?"

Ta yi dariya. "Har da cokali."

Ya yi mata bayanin akushi da dokokinsa, ya ce tashin da take kira magani shi ne ainihin laifin da ya kai shi zaure.

"Wannan kam ba ya cikin littattafaina," ta ce. "Sai dai ka gaya masa gaskiya."

"In ce masa me? Baba, bakinku ne?"

"Yanzu me yake zato?"

"Hannunsa."

"To wanne ya fi masa sauƙin ɗauka?"

Ya sa littafinsa a aljihu ya tafi tasha.

Juma'a ranar kasuwar Wudil ce, sai da ya kutsa tsakanin shanu da motocin hatsi kafin ya samu hanyar Achika. Aka yi salla aka dawo. Tabarma tana zaure, faranti mai fure yana jiransa, cokali a gefe. Ya tsaya a kansu ya ja numfashi huɗu, ya saki shida, bai ji wani bambanci ba. Ya ɗauki farantin, ya bar cokalin, ya yi sallama ya shiga cikin gida.

Baba yana gindin darbejiya, akushi a gabansa a rufe da faifai. Ya rame fiye da yadda yake nunawa a cikin babbar rigar masallaci. Da ya ga farantin, sai ya tura hannunsa na dama ƙarƙashin riga.

"Gishiri ne bai ji ba?"

"Ya ji, Baba. Na zo ne a ci tare."

"Hannuna ba irin na ofis ba ne, Halliru. Koma ka ci abinka cikin kwanciyar hankali."

Halliru ya durƙusa ya ajiye farantin. Ya shirya jawabi a kan babur, mai gabatarwa da kammalawa, duk ya zube a hanya.

"Ba hannunku ba ne. Wallahi ko sau ɗaya ban taɓa kallonsa da wani abu ba. Lalura ce gare ni. In na ji ƙarar tauna sai jikina ya ɗauki faɗa, ba da son raina ba. Likita nake gani a Kano wata biyu ke nan."

Baba ya daɗe yana kallonsa.

"Bakina ke nan."

"Ba naku kaɗai ba. Na kowa. Na Rahinatu, na yara, har na liman."

"Na liman kam ni ma ina jin sa," in ji Baba. "Tun yaushe?"

"Tun makarantar kwana. Naku ne ban taɓa ji ba, don Inna tana daka."

Baba ya juya ya kalli inda turmin yake kife a jikin katanga, wata kaza tana tsaye a kai. Ya daɗe bai juyo ba. Sannan ya zaro hannunsa daga riga, ya duba shi gaba da baya. Fatar ta yi fari-fari ta tsattsage.

"Shekara talatin da ɗoriya ka kasa buɗe baki, ni kuma damina biyu ina wanke hannu. Sabulun nan ma ƙaiƙayi yake sa ni."

"A yi haƙuri, Baba."

"To me likitan ya ce?"

"Ta ce in riƙa auna abin daga ɗaya zuwa goma. In ya kai bakwai in tashi in sha iska in dawo. Na ce mata ba a yi."

"Ba a yi," in ji Baba. "Mace ce?"

"Mace ce."

"Allah ya yi mata albarka. Amma ba a yi." Ya ɗage faifan. "Juye naka a nan. Wanke hannu."

Miyar kuɓewa ce. Da ma Halliru ya san ba za a yi masa sauƙi ba. Ya dafa gefen akushi da hagu, suka yi bismilla.

Baba bai rage komai ba. Ko ya yi niyya ma dasashi ba ya karɓar umarni. Lomar farko ta zo da lamba huɗu. Halliru ya ja numfashi, ya sauke kafaɗa, ya kafa ido a saƙar tabarma, jan zare biyu, kore ɗaya. Biyar. Ya nemo fadama, lakar ta zo, ta ɗan tsaya, ta gudu. Ba da gangan yake yi ba, ya ce a ransa, tsoho ne mai jin yunwa. Wannan ya taimaka na loma biyu. Shida. Kunnuwansa suka ɗauki zafi. Ya danne gefen akushi don kada hagunsa ta dunƙule, sai hannun ya kama rawa, akushin ya kama rawa tare da shi, miya tana kaɗawa. Bakwai. Ya ce a ransa ko zai mutu a nan zai mutu, ba zai sake tsayawa a bayan rumbu ba.

"Halliru," in ji Baba, ko ɗagowa bai yi ba.

"Na'am."

"Je ka duba min ko an ɗaure akuyar nan. Kada ta shiga wa mutane gona."

Halliru ya dube shi. Baba yana gyara loma abinsa. Sai da ya ɗan jima kafin maganar ta zauna masa: ɗan da ubansa ya aika bai tashi daga akushi ba, aikensa aka yi.

Ya miƙe ya zagaya bayan ɗaki, hannunsa na dama a sama da miya. Akuya tana ɗaure tamau a turkenta, tana tuƙa, tana kallonsa. Ita kuwa taunarta ba ta taɓa damunsa ba, wannan ma Dokta ta ce an saba gani. Ya tsaya ya ƙirga huɗu da shida, huɗu da shida, har zafin kunnen ya sauka. Ya dawo ya zauna ya dafa akushi.

"Tana ɗaure."

"Madalla."

Aike na biyu na kaji ne, wai ya ga ko sun hau shanyar wake. Babu shanya a gidan ranar, amma ya je ya duba da gaske. A na uku dabara ta ƙare wa Baba, ya ce ya je ya sake duba akuyar.

Hansai ta leƙo daga ɗakin girki. "Baba, akuyar nan fa Yahuza ne ya ɗaure ta da kansa. Kuna ta wahalar da Yaya."

"Ɗana ne ko naki?" Ya kai loma. "Kuma Juma'a mai zuwa ki jiƙa gero, ki tashi turmin can. Na gaji da furar inji."

Hansai ta ce to, da muryar wadda aka ƙara wa aiki ba ta san laifinta ba.

Da Halliru ya dawo daga akuya karo na biyu, ya tarar an ci fiye da rabin tuwon, kuma ba ta gefensa ba. Baba ya ƙara loma uku, ya tura masa tsokar da ke tsakiya da ɗan yatsa, sannan ya tsame hannu. Ya hau lasar yatsu, ɗaya bayan ɗaya, a natse, kamar yadda ya saba tun kafin a haifi Halliru. Wannan takwas ce, babu ragi. Halliru ya buɗe hagunsa a gefen akushi ya ƙirga tare da shi. Yatsu biyar ne kawai, sun kuma ƙare.

Baba ya yi hamdala, ya jawo buta, ya jingina da darbejiya ya lumshe ido.

Halliru ya ji jikinsa kamar wanda ya yini yana huɗa. Talata mai zuwa akwai bas, akwai littafi, wataƙila akwai mai rake. Ya jawo akushin gabansa. Tuwon ya huce, miyar ta yi kauri. Ya cinye saura, ya suɗe har gefe, hagunsa tana dafe da akushi ko da yake babu sauran wanda zai riƙe wa.